Daga Rajistar Cheberu Zuwa Rumbun Bayanai: Yadda Alƙaluman Cuta Ke Tafiya

A binciken zazzaɓin cizon sauro da aka gudanar a faɗin Nijeriya a shekarar 2021, an sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan wata 6 zuwa wata 59 da aka gwada. Babu wata jiha da ta kai wannan adadi, domin matsakaicin ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Irin waɗannan alƙaluma na cikin dalilan da suka sa Kebbi ta zama ɗaya daga cikin jihohi biyu, ita da Bayelsa, da aka fara yi wa yara allurar rigakafin wannan cuta a watan Disamba na 2024.

Sai dai irin wannan babban bincike ba kullum ake yin sa ba. Akan ɗauki shekaru tsakanin wani da wani, alhali sauro ba ya hutu. A tsakanin waɗannan shekaru, abin da hukumomin lafiya ke dogara da shi wajen sanin inda cuta ta yi tsanani, da yawan maganin da za a aika, shi ne alƙaluman da ƙananan asibitocin karkara ke tarawa kowace rana. Yadda waɗannan alƙaluma ke tashi daga shafin rajista su isa rumbun ajiya na kwamfuta, da yadda mai bincike zai janyo su daga can ba tare da sun gurɓace ba, fanni ne na ilimi mai zaman kansa, kuma ya kamata ɗalibin kimiyya ya san shi.

Inda lamba ke haihuwa

A ƙaddara wata uwa a Cheberu, cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu, ta goyo ɗanta ɗan shekara biyu zuwa asibitin da ya fi kusa da ita, jikinsa zafi zau. Ma'aikacin lafiya zai soki yatsar yaron, ya ɗiga jini a kan ɗan allon gwaji. Wannan allo ba ƙwayar cutar yake gani ba. Wani furotin yake nema wanda ƙwayar Plasmodium falciparum ke saki a cikin jini, kuma cikin kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin sakamako zai fito. Idan layi biyu suka bayyana, sai a ba yaro magani, a rubuta sunansa da shekarunsa da ƙauyensu da sakamakon gwajin a rajistar marasa lafiya.

A ƙarshen wata, shugaban asibitin zai zauna ya ƙirga. Yara nawa suka zo da zazzaɓi, nawa aka gwada, nawa aka samu da cutar, nawa aka bai wa magani. Sai ya cike fom ɗin taƙaita aikin wata, a kai wa jami'in tattara alƙaluma na ƙaramar hukuma. Daga wannan mataki sunan yaron ya ɓace. Ya zama ɗaya daga cikin, a ce, 143. Jami'in ne zai shigar da lambar a cikin wata manhaja ta kwamfuta mai suna DHIS2, wadda Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da ita a 2013 a matsayin matattarar alƙaluman lafiya na yau da kullum. Malaman makaranta sun fi sanin kalmar manhaja da ma'anar tsarin darussa, amma a fagen kwamfuta ana nufin tsararren umarnin da na'ura ke bi ta yi wani aiki.

Asalin DHIS2 daga Afirka ta Kudu ne, inda aka fara aikin a shekarun 1990 bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, wadda ke jagorancin gina manhajar. An fara amfani da sabon samfurinta a jihar Kerala ta Indiya a 2006, daga baya ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suka rungume ta. Kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta.

Tagar manhaja

To, a ƙaddara kuma wata ɗaliba mai nazarin halittu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo, tana son ta gano yadda zazzaɓin cizon sauro ke bin sawun damina a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo. Tana bukatar alƙaluman shekara biyar, wato wata sittin. Idan asibitocin da za ta duba arba'in ne, kuma daga kowace tana son abubuwa goma a kowane wata, lambobi 24,000 ke nan. Duk wanda ya taɓa kwafe sakamakon jarrabawar aji guda da hannu ya san ido kan tsallake layi, yatsa kuma kan mayar da 68 ya zama 86. Ga shi kuma kafin ta gama kwafewa wasu sababbin alƙaluma sun shigo, an kuma gyara wasu tsofaffi.

Maganin wannan wahala shi ne abin da masana kwamfuta ke kira API, wanda za a iya kiransa tagar manhaja. Mai zuwa karɓar magani a asibiti ba ya kutsawa cikin ɗakin ajiya ya ɗebi abin da ya ga dama. Taga yake zuwa, ya miƙa takardar likita, a duba, a miƙo masa abin da aka rubuta kaɗai. Haka manhaja take da tagar da wata manhajar za ta zo ta miƙa bukata a rubuce bisa ƙa'ida, a duba izininta, a ba ta amsa. Ɗalibin nazarin halittu zai tuna da tantanin da ke kewaye da ƙwayar halitta, wanda ke da ƙofofin furotin masu zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Tagar manhaja ma haka take da zaɓe.

Bukatar da ake miƙawa ba ta da wuyar fahimta. Tana cewa ne: a ba ni abu kaza, na wuri kaza, na lokaci kaza. Amsar takan zo a wani tsarin rubutu da ake kira JSON, wanda na'ura ke karantawa cikin sauƙi, mutum ma zai iya bi idan ya natsu. Tare da amsar akwai wata lamba mai bayyana yadda aka kwashe a taga. Lamba 200 na nufin an biya bukata. Lamba 401 na nufin ba a san mai tambaya ba, ko mabuɗinsa bai yi ba. Lamba 404 kuwa, wadda masu yawo a intanet suka saba gani, na nufin babu abin da aka nema a wurin da aka nuna.

A DHIS2 kowace lamba tana tafe da shaidunta: mene ne aka ƙirga, a wace asibiti, a wane wata, kuma a wane rukuni na mutane, misali 'yan ƙasa da shekara biyar ko waɗanda suka haura. Watan Satumba na 2025 akan rubuta shi 202509. Lambar da ta rabu da ɗaya daga cikin waɗannan shaidu ta zama marainiya, ba ta da sauran amfani.

Girbi, sussuka da zubawa a rumbu

Jerin matakan da ke ɗauko bayanai daga wannan taga su kai su ma'ajiya, ba tare da hannun mutum a kowane mataki ba, shi ake kira magudanar bayanai. Aikin bai bambanta da na manomin gero ba: a girbe, a sussuke a sheƙe, a zuba a rumbu.

Girbin shi ne mafi sauƙi. Ana rubuta ɗan gajeren umarni, yawanci da harshen kwamfuta na Python, wanda zai je taga da mabuɗin izini a lokacin da aka tsayar masa, a ce ƙarfe biyun dare lokacin da masu amfani da manhajar suka ragu. Ba a kwaso komai a tashi ɗaya. Dami-dami ake ɗaukowa, domin kada a danne babbar kwamfutar da dubban ma'aikatan lafiya ke aiki da ita, kuma idan layin sadarwa ya yanke a tsakiya, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, a ci gaba daga inda aka tsaya. Mai hankali kan ajiye kwafin abin da ya girbo yadda ya zo, kafin ya taɓa shi.

Sussukar ce ke cin lokaci, kuma a nan ake gane gwani.

Matsala ta farko ita ce ta suna. Wani zai rubuta Cheberu, wani Ceberu bisa ƙa'idar rubutun Hausa, wani kuma ya rubuta sunan mazaɓar gaba ɗaya, Cheberu/Bada. Mutumin Gwandu ya san abin da ake nufi, amma a wurin kwamfuta wurare uku ne daban. Ga kuma sunaye irin su Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Sarki, waɗanda kusan kowace ƙaramar hukuma ke da nata. Saboda haka DHIS2 ke bai wa kowace asibiti da mazaɓa da ƙaramar hukuma wata alama ta haruffa da lambobi goma sha ɗaya, wadda babu mai irinta. Da wannan alama ake haɗa bayanai. Suna ado ne kawai na mai karatu. Wanda ya gina magudanarsa a kan sunaye zai wayi gari ya tarar alƙaluman wata asibiti sun rabu biyu ranar da wani ya gyara harafi ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, ita ce bambancin sifiri da gurbi. Idan fom ɗin wata asibiti ya nuna sifiri a layin masu sanƙarau, ma'anarsa an duba ba a samu ba. Idan kuwa gurbin a buɗe yake, ma'anarsa na iya zama abubuwa da yawa. Wataƙila babu mai cutar, ma'aikacin ya ga ba sai ya rubuta ba. Wataƙila allunan gwaji sun ƙare tun tsakiyar wata. Wataƙila ma'aikacin ya tafi kwas, ko ruwa ya cinye hanya fom bai isa sakatariya ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, DHIS2 ba ta ajiye sifiri sai an umarce ta da ta ɗauke shi da muhimmanci a wannan layi, domin rage nauyin ajiya. Ke nan mai janyo bayanai zai ga gurbi a wuraren da aka rubuta sifiri da wuraren da ba a kawo rahoto ba, duk kama ɗaya.

Idan ɗalibar nan ta umarci na'urarta da ta cike kowane gurbi da sifiri, zanenta zai nuna zazzaɓi ya ragu a watan Agusta, daidai lokacin da hanyoyi suka fi lalacewa, rahotanni suka fi makara. Sakamakon zai yi kyau a takarda, amma ƙarya ce tsagwaronta. Dole ta janyo wani bayani na daban, wato jerin asibitocin da suka miƙa rahoto a kowane wata, ta ajiye shi gefe da gefe da lambobin cutar. Wannan ne ya sa masana ba sa karɓar adadin masu cuta sai sun tambayi kashi nawa na asibitoci suka kawo rahoto.

Akwai kuma tacewar hankali. Waɗanda aka samu da cuta ba za su fi waɗanda aka gwada yawa ba. Asibitin da ta saba ganin yara ɗari a wata, idan ta kawo dubu, ko dai annoba ce ko yatsa ya ƙara sifiri. Na'ura ba ta da ikon yanke hukunci tsakanin biyun, kuma kuskure ne babba a bar ta ta share irin wannan lamba da kanta. Aikinta ta daga tuta, mutum ya ɗauki waya ya tambaya.

Kada mai karatu ya ɗauka irin wannan tuntuɓe na ƙasashe matalauta ne kaɗai. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon mutum 15,841 da aka samu da cutar korona bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba. Dalili shi ne an bi da bayanan ta wani tsohon samfurin takardar lissafi ta Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya haura sai ya zube shiru, babu ƙararrawa. An yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba. Masana ƙwayoyin gado ma sun sha nasu. Excel kan ga sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ko MARCH1 ta mayar da shi kwanan wata, har wani nazari na 2016 ya sami irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya gwammace ya sauya sunayen da kansu.

Zubawa a rumbu shi ne mataki na uku. Rumbun bayanai irin wanda aka fi amfani da shi ya samo asali daga tunanin Edgar Codd, wani masanin lissafi na kamfanin IBM, wanda ya wallafa shi a 1970. Ana ajiye bayanai a jadawali daban-daban masu alaƙa da juna: na asibitoci daban, na watanni daban, na lambobin cuta daban, alamomin nan na musamman su ne igiyar da ke ɗaure su. PostgreSQL, rumbun da ita kanta DHIS2 ke zaune a kansa, kyauta ne ga mai so. Ƙa'idar da ba a wasa da ita a nan ita ce, ko sau goma aka maimaita zubi, kada lamba ɗaya ta shiga sau biyu. Ana cim ma haka ta hanyar gaya wa rumbun cewa haɗuwar abu da wuri da wata da rukuni layi ɗaya tak take da shi. Idan sabon zubi ya zo da irinta, sai ya maye gurbin tsohon. Wannan ne kuma ke ba da damar karɓar gyara, domin jami'in ƙaramar hukuma na iya komawa a watan Nuwamba ya gyara lambar Satumba.

Da zarar rumbu ya tsayu, sai a ga amfanin wahalar. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da tata tagar da ke ba da ƙiyasin ruwan sama na kowace rana a kowane wuri, kyauta. Idan aka jera ruwan Gwandu kusa da alƙaluman zazzaɓinta, abin da ilimin halittu ke sa ran gani shi ne tazara. Ƙwan sauro na bukatar kamar kwana goma zuwa mako biyu ya zama sauro mai tashi. Ƙwayar cutar na bukatar kusan haka a cikin jikin sauron kafin ta isa miyansa, sannan ta yi wasu kwanaki tara zuwa goma sha huɗu a jikin mutum kafin zazzaɓi ya bayyana. Shi ya sa cutar kan kai ƙololuwa makonni bayan ruwa ya kai tasa. Sanin tsawon wannan tazara a kowace ƙaramar hukuma na taimaka wa masu tsara rabon maganin rigakafin da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida kowane wata na damina.

Cutar da ba ta jiran ƙarshen wata

Rahoton wata-wata ya dace da zazzaɓin cizon sauro, amma ga sanƙarau ya yi nawa ƙwarai. Ƙwayar Neisseria meningitidis kan bayyana a jiki cikin kwana biyu zuwa goma, tana kuma iya kisa cikin kwana guda. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, idan waɗanda ake zargi da cutar suka kai uku cikin kowane mutum 100,000 a mako guda, a shiga shiri, idan suka kai goma, annoba ce. Da mako ake wannan lissafi, don haka rahoton da ya makara da mako biyu ya zama labarin tarihi.

Arewa maso yamma ta ga haka da idonta. Annobar da ta fara a Zamfara a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, aka ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Sai a watan Fabrairu na 2017 labari ya isa ga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne, 15 daga cikinsu a Ƙaramar Hukumar Gwandu, sauran a Jega da Aliero da Argungu.

Domin irin waɗannan cututtuka aka gina wata manhaja daban mai suna SORMAS, bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, da haɗin gwiwar masana na Nijeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus. An gwada ta a Kano da Oyo a 2015, aka faɗaɗa ta zuwa sauran jihohi lokacin korona. Ita tana bin mara lafiya ɗaya-ɗaya ne da sunansa da gidansu, ba jimilla ba. A nan nauyin amana ke ƙaruwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke bukatar kariya ta musamman, saboda haka mai bincike sai da rubutaccen izini, kuma magudanar da aka gina da kyau takan cire sunaye da lambobin waya tun a matakin sussuka. Mabuɗin taga ma ba a rubuta shi a cikin umarnin da za a iya tura wa abokai.

Abin da rumbu bai sani ba

Ko an yi duk wannan daidai, rumbun bai san yaron da aka saya wa magani a kemis ba, ko wanda aka jiƙa wa sassaƙe a gida. Matar da ta bar Gwandu ta je asibiti a Birnin Kebbi ko Kalgo, can za a ƙirga ta. Yawan jama'ar da ake raba lambobin da shi kuwa ƙiyasi ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, shi ya sa wani lokaci akan ga mazaɓa ta yi wa kashi 120 cikin ɗari na yaranta allura. Ba laifin kwamfuta ba ne, kuma sayen wata babba ba zai gyara shi ba. Kuɗin da ake kashewa a kan na'urori da tarurrukan otal, da an karkata wani kaso nasa ga buga isassun rajistoci da horar da mai cike su, da rumbun ya fi haka tsabta.

Malaman kimiyya na iya koyar da mafi yawan wannan darasi ko babu wutar lantarki. Rajistar kiran suna ta aji ta isa. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirga fashin aji ɗaya na kowane mako a zangon karatu guda, a bai wa kowane aji lamba maimakon suna, a haɗa sakamakon a jadawali ɗaya a kan allo. Makarantar da ke da kwamfuta da intanet kuma na iya shiga dandalin gwaji na DHIS2, wanda ke buɗe ga kowa da bayanan koyo da aka tsara a kan taswirar ƙasar Saliyo, ɗalibai su miƙa bukata a taga su ga yadda amsa ke zuwa. A aikin allon, ba za a daɗe ba wani rukuni zai ci karo da ranar da shafin rajista yake fari fat, sai a bar su su yi muhawara: ranar nan kowa ya zo ne, ko malamin aji ne bai kira suna ba?